Mai ƙirga kwanakin kwantiragi da mai jiran zuwan Ubangiji: duban gabansu ɗaya ne?

Istifanus_Dammam
Salamar Ubangiji gare ku 'yan'uwa. Akwai maganar da muke yawan faɗa wa wanda gwiwarsa ta yi sanyi a ƙasar nan ta Saudiyya: "Ka dubi gaba, ka daure, saura kaɗan." Tambayata ita ce, wane gaban? A ɗakin kwanan ma'aikata za ka ga kalanda manne a bango kusa da gado mai hawa biyu, an soke kowace rana da jan biro, an zagaye ranar ƙarewar kwantiragi har takardar ta kusa hujewa. Wannan ma duban gaba ne. Amma masu irin wannan kalanda su ne ke cewa "in na koma Jos zan riƙe sujada sosai", "in na koma Kafanchan zan shiga ƙungiyar Sabon Rai ta coci". Shekara 2 ta zama 4, 4 ta zama 8, addu'a ta mutu a hanya. To duban gaba yana ƙarfafa bangaskiya ne da gaske, ko yana sa mutum ya jingine ta? Masu sani su taimaka da Nassi, da kuma abin da za a iya yi a aikace.

Baba_Dogara
Amin, ɗana Istifanus. Ma'aunin mai sauƙi ne. Ka dubi abin da kake jira, ka tambayi kanka: yana ba ni aikin yi yau, ko yana ɗauke mini shi? Buɗe 1 Korantiyawa sura 15. Bulus ya ɗauki aya 57 yana maganar tashin matattu, ƙaho na ƙarshe, jikin da ba ya ruɓewa. Da ya zo aya ta 58 bai ce a naɗe hannu a jira ba. Cewa ya yi a kafu, kada a jijjigu, a yawaita aikin Ubangiji, domin wahalar ba a banza take ba. Ka juya shafi zuwa sura 16, sai ga shi yana tsara yadda kowa zai riƙa keɓe baiko a ranar farko ta mako. Daga tashin matattu kai tsaye zuwa ajiyar mako-mako. Haka 1 Yahaya 3:3, mai begen ganin Almasihu yakan tsarkake kansa, yanzu, ba sai ranar da jirgi ya sauka a Abuja ba. Ranar komawa gida ba ta neman komai a wurinka yau sai ka shanye kwana ɗaya. Shi ya sa ba ta riƙe mutum.

Rifkatu_Nas
Baba ya faɗi gaskiya. Sai dai a tuna Lahadi ranar aiki ce a nan, hutu Juma'a da Asabar ne, mu na asibiti ma ba kullum hutunmu ke faɗawa a kansu ba. Sujadar ƙarfe 9 na safe a gida ƙarfe 11 ce a nan, ana tsakiyar aiki. Wanda ya jingine ba lallai taurin zuciya ba ne, wani lokaci rashin tsari ne kawai.

Malam_Bulus_Riyad
Ɗan'uwa Istifanus, tambayarka tana cikin Irmiya sura 28 da 29, har da shekara biyun. Bayan Nebukadnezzar ya kwashi kashin farko na manyan Yahuza zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara 2 kowa zai dawo, da kayan Haikali duka. Har ya cire karkiyar itace da ke wuyan Irmiya ya karya a gaban jama'a. Maganar ta yi wa mutane daɗi. Ubangiji ya ce a faɗa masa ya karya ta itace, ta ƙarfe ce za ta maye gurbinta. A wata na 5 ya yi annabcin, a wata na 7 ya mutu.

Irmiya kuwa wasiƙa ya aika Babila, ya ce shekara 70 ce. Ku lura da abin da ya biyo baya: ku gina gidaje, ku dasa lambuna ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar, ku nemi zaman lafiyar birnin da kuke ciki, ku yi masa addu'a. Mai alkawarin shekara 2 ya sa mutane zama kan ƙunshin kayansu. Mai alkawarin shekara 70 ya sa su haƙa tushe. Yawancin waɗanda suka ji an karanta wasiƙar ba su ga komawar ba, domin sai a 538 Sairus sarkin Farisa ya ba da izinin komawa. Duk da haka begen da ya fi nisa shi ne ya sa su aiki.

Kuma ayar nan ta 29:11 da muke sa wa a hoton waya, ta shirin alheri da bege, tana zaune ne daidai bayan aya ta 10 mai maganar shekara 70. Wanda ya cire ta daga wurinta ya mai da ita alkawarin cewa bana zai sayi mota, shi ne zai yi fushi da Allah a Disamba.

Ishaya_Jidda
Malam, ina da ja a nan. Mu ba kamammu ba ne, da ƙafarmu muka je ofishin dillali muka biya kuɗi muka zo neman abinci. Kuma mai igama (katin izinin zaman baƙo) da ke kwana a ɗakin kamfani wane gida zai gina, wane lambu zai dasa? Kada mu ɗauki wasiƙar da aka rubuta wa wasu mu ɗora wa kanmu.

Malam_Bulus_Riyad
Ja mai kyau ne Ishaya, ban ce mu ne su ba. Abin da na ɗauko shi ne yadda bege ke aiki a cikin mutum. Amma aya ta 7, ta yi wa birnin addu'a, ta shafe mu kai tsaye, domin 1 Timoti 2:1-2 ta maimaita ta ga kowane mai bi: addu'a domin sarakuna da masu mulki. Mai bi da ke cin abinci a ƙasar nan ya kamata ya sa ta a addu'a, ita da kafilinsa (uban gidan da ya tsaya masa) da abokan aikinsa Musulmi, ya bi dokarta, ya yi aikinsa ba da ha'inci ba. 1 Bitrus 2:11-12 ma baƙi da matafiya ya kira mu, ya ce halinmu ya zama kyakkyawa a idon mutanen wurin. Wannan shi ne lambun da mai igama zai iya dasawa.

Mama_Saratu
'Ya'yana, ku yi a hankali da maganar kalanda. Ku masu aikin kamfani da asibiti kuna da ɗaki, kuna da waya a hannu. 'Yar aikatau a gidan mutane takan tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, wata ba ta taɓa wayarta sai dare, wata sai ƙarshen mako. In irin wannan yarinya ta soke rana a kalanda, ba rashin bangaskiya ba ne, numfashi take yi. Zabura 90:12 ma roƙo ne a koya mana ƙirga kwanakinmu. Abin da za a ba ta shi ne abin da za ta haɗa da ƙirgar.

Ga yadda za a yi: aya ɗaya a mako, ba fiye ba. Ta rubuta a 'yar takarda da ba ta wuce tafin hannu ba, ta naɗe ta sa a aljihun rigar aiki. Ta maimaita a zuci lokacin wanke-wanke da guga. Ranar da za ta soke mako sai ta faɗi ayar da ka tukuna. Shekara 2 mako 104 ce, aya 104 ke nan. Kada a tsinto ayoyi nan da can, suna zubewa. A ɗauki masu bin juna: Zabura 23 aya 6 ce, Zabura 121 aya 8, Romawa 8:31-39 aya 9, Yahaya 14:1-6, Wahayi 21:1-7. Inda ake faɗuwa shi ne a riƙa ƙara sabuwa ba a tisa tsohuwa, don haka kowane mako na huɗu babu sabuwar aya, tishi kawai. Ko da hakan ya rage lissafin zuwa 78, sun zauna daram.

Rifkatu_Nas
Na gode Mama. Wannan ta ƙarshen, ta mako na huɗu, ita ce ba a faɗa wa mutane.

Dauda_Khobar
Ga masu lokacin karatu, bari in kawo lissafi, tunda kwantiragin ne ke kanmu sai mu auna karatun da shi. Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne: 929 Tsohon Alkawari, 260 Sabon Alkawari. Shekara 2 kwana 730. In kana karanta sura 2 a rana za ka gama cikin kwana 595, ka ga akwai rarar kwana 135 na rashin lafiya, aikin dare, tafiya hutu. Wannan rarar ita ce sirrin. Tsarin shekara ɗaya yana neman sama da sura 3 kullum ba fashi, mutum ya rasa kwana 10 sai ya tarar da bashin sura 30 da 'yan kai, ya karaya.

Kada ka fara daga Farawa ka miƙe. Farawa 50 ce, Fitowa 40, wato a rana ta 46 za ka shiga Littafin Firistoci, nan ne mafi yawa suke ajiye littafin. Ka yi ɗaya daga Tsoho ɗaya daga Sabo. Sabon zai ƙare a kwana 260, sauran 669 na Tsoho ka bi su biyu-biyu. Wanda ba zai iya wannan ba, Sabon Alkawari kaɗai: sura ɗaya kwana 5 a mako, mako 52, daidai 260. A sauke littafin cikin waya yadda zai buɗu ko babu intanet, domin ranar da data ta ƙare ita ce ranar da ake fara fashi.

Antoni_Khobar
Yaya Dauda, ƙaramin gyara: 1,189 na mai littattafai 66 ne. Namu na Katolika 73 ne, sai a ƙara kwanaki.

Rifkatu_Nas
Ƙari kan na Dauda don masu aikin canji. Kada ka ɗaura karatunka da agogo, ka ce ƙarfe 5 na asuba. Mako mai zuwa ƙarfe 5 kana kan aikin dare na awa 12. Ka ɗaura shi da wani abu da kake yi kullum: bayan farkawa, kafin ka buɗe saƙonni, ko rana ce ko dare. Da an buɗe WhatsApp na gida, da kuɗin makaranta da maganar rashin lafiya, hankali ya tafi. Daniyel sau 3 a rana yake durƙusawa a Babila, tagarsa a buɗe wajen Urushalima da take kango a lokacin. Da doka ta fito ta hana addu'a ga kowa sai sarki, sura 6 aya 10 ta ce ya yi kamar yadda ya saba. Sabon ne ya riƙe shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Haruna_K
Tunda ana maganar duban gaba, ni abin da ke damuna bidiyoyin nan ne da ake turowa. Kowane yaƙi ya tashi a yankin nan sai a ce ga Ezekiyel 38 ta cika, saura wata kaza. Wasu har cewa suke a daina tura kuɗin gini, duniya ta zo ƙarshe. Wannan ba shi ne begen da kuke faɗa ba?

Baba_Dogara
A'a Haruna, wannan Hananiya ne ya sake riga. An yi shi an gani. A Amurka mabiyan William Miller sun tsayar da 22 ga Oktoba 1844 a matsayin ranar dawowar Almasihu, wasu suka bar amfanin gona ba girbi, gari ya waye ba abin da ya faru, da yawa suka watse. Harold Camping ya tsayar da 21 ga Mayu 2011, mutane suka kashe ajiyarsu wajen talla, daga baya shi da kansa ya yarda ya yi kuskure. Yesu ya rufe ƙofar nan a Matiyu 24:36, ya sāke rufe ta a Ayyukan Manzanni 1:7. Kuma a Matiyu 24:6 da ya ambaci yaƙe-yaƙe cewa ya yi kada a firgita, ƙarshen tukuna. Ka gane na ƙarya da abu biyu: yana ba da kwanan wata, kuma yana raba ka da aikinka. A Tasalonika ma an samu masu zaman banza, shi ne Bulus ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Bawan da aka yaba a ƙarshen Matiyu sura ta 24 shi ne wanda maigida ya tarar yana raba wa 'yan gida abinci a kan lokaci. In bidiyo ya zo, kada ka tura gaba.

Yohanna_Jubail
Ibraniyawa 6:19 ta kira bege anka, ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, kuma duk mai aiki a tashar jiragen ruwa ya san abin da wannan ke nufi. Anka ba ta hana igiyar ruwa dukan jirgi, jirgin yana tangaɗi yana juyawa, abin da take hanawa shi ne a ja shi zuwa kan dutse. Ba a kuma sakin sarƙa daidai zurfin ruwa. Ana sakinta ninkin zurfin sau da yawa, ta kwanta a ƙasa, don jan ya zo a kwance haƙoran ankar su ƙara nutsewa. In sarƙar ta yi gajarta, jan yana zuwa daga sama, sai ya tumɓuke ta. Gajeren bege haka yake, na wata 6 ko shekara 2: albashi ya makara ko an hana hutu, ya tumɓuke. Sannan matuƙi ba ya ganin ankarsa. Yana gane ta kama ne in ya auna kansa da alama a gaɓa ya ga bai gusa ba.

Ladi_Akawu
Ni dai kada a fita daga nan a ɗauka shirin komawa gida rashin ruhaniya ne. Luka 14:28 ta ce mai gina hasumiya ya zauna ya yi lissafi. Da yawa abin da ke kashe musu addu'a ba shakka ba ce, kunya ce: shekara 6 a Saudiyya ba ko bulo, sai su ƙara kwantiragi, su daina ɗaga wayar fastonsu.

Ku san kuɗin sallamarku. A dokar ƙwadago, rabin albashin wata ne kan kowace shekara a 5 na farko, cikakken wata kan kowace shekara bayan nan. Mai riyal 4,000 da ya cika shekara 2 yana da 4,000. In ya cika 7: 10,000 na biyar ɗin farko da 8,000 na biyun, 18,000. Amma in kai ka ajiye aikin, ƙasa da shekara 2 babu komai, daga 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku, daga 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku. Masu aikatau dokarsu daban ce, kada su yi lissafi da wannan. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala ɗaya, naira kuwa tun da aka bar ta ta bi farashin kasuwa a Yuni 2023 kowa ya ga yadda ta yi, don haka tura komai gida a ajiye a naira asara ce. In gini ne a biya mataki-mataki: fili da takardarsa da sunanka, tushe, linta, rufi, kada kuɗin mataki na gaba ya fita sai an ga hoton na baya daga hannun mutum na biyu. Zakka da baiko a cire ranar da albashi ya shiga, in aka bari sai ƙarshen wata ba a samunsu.

Ishaya_Jidda
Anti Ladi, to ina Matiyu 6:34, kada a damu da gobe? Ina kuma mai arzikin nan na Luka 12 da ya rushe rumbuna ya gina manya, a daren aka karɓi ransa?

Ladi_Akawu
Damuwa daban, shiri daban, Ishaya. Yusufu ya ce a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar shekara 7, ba wanda ya kira shi marar bangaskiya. Laifin mai rumbu shi ne lissafinsa ya tsaya kan kansa, babu Allah babu maƙwabci a ciki. Yakubu 4:13-15 kamar da mu yake, masu cewa za mu je gari kaza mu shekara mu ci riba. Bai hana tafiyar ba, ya ce a ce in Ubangiji ya yarda.

Ishaya_Jidda
Na ji, amma ban gamsu duka ba. Iyakar da ke tsakanin shirin da damuwar siririya ce, mutum yakan tsallaka bai sani ba.

Antoni_Khobar
Abin da ba a taɓo ba shi ne Jibin Ubangiji. 1 Korantiyawa 11:26 ta ce duk lokacin da muka ci muka sha muna shelar mutuwarsa har ya dawo. Wato shi kansa duban gaba ne, kuma shi muka fi rasawa a nan tunda babu majami'a. Mu na gabas muna da sauƙi: gadar Sarki Fahad kilomita 25 ce zuwa Bahrain. Akwai babban cocin Katolika a Awali da aka buɗe a Disamba 2021, akwai tsohon na Manama, akwai na Anglika da na masu bishara. Sai dai da bizar fita da dawowa, da izinin shiga Bahrain, a bincika tun kafin ranar. Ko sau 2 a shekara aka samu, Ista da Kirsimeti, a rubuta ranakun a kalandar nan ta Istifanus. Haka lokacin jiran zuwan Almasihu, Lahadi 4 kafin Kirsimeti. Ista kuma tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, in ba ka duba ba za ta wuce kana wurin aiki, ba abin da zai tuna maka a titi.

Haruna_K
Mu na Abha da Tabuk da ke nesa da Bahrain fa? Ba za mu iya gutsura gurasa mu biyu ko uku a ɗaki ba?

Baba_Dogara
Nan ikkilisiyoyi sun bambanta. Katolika da Anglika sai da firist, yawancin namu ma sai naɗaɗɗen fasto, wasu kuma sun yarda. Ka tambayi ikkilisiyar da ta yi maka baftisma, kada ka yanke wa kanka. Addu'a da karatu mutum biyu ko uku kuwa Matiyu 18:20 ta isa. A yi shi cikin ɗaki, murya ƙasa, ba kiɗa, ba hoto a intanet, ba raba wa kowa takarda. Dokar ƙasa ba ta yarda da sujada a fili ko wa'azi ba.

Malam_Bulus_Riyad
Ishaya, kan siririyar iyakar nan, karanta Irmiya 32. Sojan Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya yana tsare a farfajiyar matsara, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo ya ce ya sayi gonarsa ta Anatot. Ya auna masa shekel 17 na azurfa, wajen giram 200, ya sa hannu a gaban shaidu, takarda biyu, ɗaya a like ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ya ce a sa a tukunyar ƙasa don su daɗe. Ciniki ne sosai, da ma'auni da shaidu, irin wanda Ladi ke faɗa. Amma dalilinsa alkawarin Allah ne cewa za a sāke sayen gonaki a ƙasar. Kuma da ya gama sai ya koma addu'a yana faɗa wa Allah cewa abin ya ɗaure masa kai.

Istifanus_Dammam
Na ƙaru ƙwarai. Amma har yanzu akwai wanda ban san me zan ce masa ba: wanda ya sabunta kwantiragi sau 4, ba ya ƙirga kwana kuma, ba ya jiran komai, gida ko sama. Ba kalanda ma a bangonsa. Wannan ta ina ake farawa?

Mama_Saratu
Ba da lissafin sura ake fara masa ba. Mutum ɗaya ya ɗauke shi, ya kira shi rana ɗaya tsayayya kowane mako, ko minti 10, ya karanta masa zabura ɗaya, ya yi masa addu'a, kada ya tambaye shi me ya sa ya ja baya. In rashin barci da ƙin abinci sun shiga, Rifkatu ta faɗa mana wane likita ake gani. Dauda, akwai Sabon Alkawari na Hausa na saurare da ke aiki ba data? Akwai 'yan mata biyu a Jidda da ba su iya karatu sosai ba.

Dauda_Khobar
Akwai Mama, ana saukewa sura-sura. Su fara da Markus, sura 16 ce kawai. Zan duba nauyinsa in ga ko ƙaramar waya za ta ɗauka.